Sankarar Mama Ba Sikila Ba Ce: Martani Ga Mai Neman A Yi Gwajinta Kafin Aure

Malam, na karanta makalarka a kan ciwon dajin nono a zangunan Sokode da Dapaong, kuma tunda maganar ta shiga har cikin ɗakunan iyayenmu mata, bai kamata a bar ta ta wuce shiru ba. Abu biyu ka nema. Na farko, limamanmu su daina ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin ƙwayar gadon nan da ake kira BRCA, kamar yadda ake neman takardar sikila. Na biyu, kafin gwajin ya samu a nan arewa, iyayen saurayi su riƙa bincikar dangin yarinya, in aka tarar daji ya taɓa cin uwarta ko innarta ko kakarta, a janye cikin mutunci. Ka kafa hujja da dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ka ce me zai hana mu a Togo mu ɗora a kanta.

Ban yi shakkar niyyarka ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mace mai wannan ciwo a ƙarshen kwanakinta ba zai yi wa ko maƙiyinsa fatan sa ba. Sai dai shawarar kuskure ce, kuma kuskuren daga tushe yake. Ka ɗauko ƙa'idar wata cuta ka ɗora wa wata, alhali hanyar gadonsu ba ɗaya ba ce.

Gwajin sikila yana da amfani ne saboda yana nuna mafita. Yaro ba ya zama mai sikila sai ya gaji ƙwayar daga uba ya kuma gaje ta daga uwa. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. In mai AS ɗin nan ya auri mai AA, ba za su haifi SS ba ko da 'ya'ya goma suka haifa. Wato ba wanda aka haramta wa aure, haɗin ne kawai ake sauyawa. Yarinyar da aka raba da wannan saurayi, gobe wani zai fito wanda jininsu ya dace. Shi ya sa ni ma ina tare da kai a kan gwajin sikila, ina ma a ce kowane masallaci daga Didawure har Sinkase ya riƙe shi da gaske.

To, BRCA fa? Ka rubuta kamar wata cuta ce da wasu gidaje ke ɗauke da ita, sauran jama'a kuwa sun tsira. Kowa yana da ita, Malam. Kana da ita, ina da ita, jaririn da aka raɗa wa suna yau da safe yana da ita. Iri biyu ce, BRCA1 da BRCA2, kuma kowace ɗaya muna ɗauke da kwafi biyu nata, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Aikinta ma alheri ne. A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai dogon zaren gado, DNA, wanda in da za a warware shi zai kai kimanin mita biyu, an naɗe shi dami-dami har 46, biyu-biyu. Duk sanda ƙwayar jiki za ta rabu gida biyu, sai ta kwafe wannan zare kaf, kuma a cikin kwafewar yakan tsinke. Ka tsaya wurin masaƙan Sokode ka gani: in zare ya tsinke a tsakiyar aiki, gwanin masaƙi yakan dubi layin da ke kusa, ya ƙulla daidai yadda zanen yake tafiya, ko kai da kake kallo ba za ka gane wurin ba. Wanda bai iya ba kuwa ƙulli kawai zai yi ya wuce, zanen ya karkace, gaba kuma ya sake karkacewa. BRCA1 da BRCA2 su ne ke haɗa gwanin gyaran nan a jiki. In babu su, ƙwayar jiki takan koma ga gyaran gaggawa mai cike da kuskure, kurakurai su yi ta taruwa, har wata rana a sami ƙwayar da ta manta yadda ake daina rabuwa. Ita ce mafarin ƙarin daji.

Wadda ake cewa ta gaji matsalar, abin da ta gada shi ne kwafi ɗaya lalatacce. Ɗayan yana nan lafiya lau yana aiki, shi ya sa take tasowa garau, ta yi karatu, ta yi aure, ta haihu, ta shayar. Ciwo ba ya tashi sai in kwafi na biyun ma ya lalace a cikin wata ƙwaya guda, shekaru bayan haihuwa. Likitan nan na Amurka Alfred Knudson ne ya fito da wannan bayani na bugu biyu tun 1971, daga nazarin wani dajin ido da ke kama ƙananan yara. Dalilin da ya sa abin ya fi faɗawa kan nono da gidan ƙwai kuwa, bayanin da ya fi rinjaye a wurin masana shi ne waɗannan sassan ba sa hutawa: kowane wata sinadaran jikin mace suna tura ƙwayoyin hanyoyin ruwan nono su rabu su ƙaru, kuma inda rabuwa ta yi yawa, nan tsinkewa take yawa. An ma gano cewa da yawa daga abin da ake kira dajin gidan ƙwai daga bakin bututun da ke kai ƙwai mahaifa yake farawa.

Yanzu ga inda shawararka ta farko ta rushe. Kwafi ɗaya lalatacce ya isa ya ɗaga haɗarin, ba sai an haɗu biyu ba. Mai ɗauke da shi, ko wa ya aura, kowane ɗa da ya haifa yana da rabi da rabi: ko ya gada ko bai gada ba. Babu mijin da za a zaɓo wa yarinyar nan wanda zai rage wannan rabin. To in liman ya karɓi takardar ya ga sakamakon, me zai ce? Ba zai iya cewa ta nemi wani mijin ba, don ko wane ne lissafin bai sauya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ce kada ta yi aure har abada. Ka yarda mu yanke wa 'yar mutane wannan hukunci a kan ciwon da ba ta da shi, wanda mai yiwuwa ne har ta tsufa bai zo ba? Kuma hana ta aure bai cire mata komai daga jiki ba. Hasali ma abin da aka sani a kan mata gaba ɗaya shi ne haihuwa da doguwar shayarwa suna rage haɗarin dajin nono da na gidan ƙwai.

Wuri ɗaya ne maganarka ta ɗan kusanci gaskiya, kuma zan faɗe shi. In miji da mata duka suna ɗauke da lalataccen BRCA2, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu su haifi yaro da wata muguwar cutar ɓargo da ake kira Fankoni. Abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, ya fi yiwuwa a auren zumunci a gidan da aka riga aka tabbatar da matsalar. Irin wannan gida likita ne zai zauna da su a keɓe. Ba dalili ba ne na tsayar da duk 'yan matan zango a layi.

Abin da ya fi ƙona min rai a makalarka shi ne ko sau ɗaya ba ka ambaci namiji ba. Ka ce a binciki uwa, a binciki inna, a binciki kaka. Ina uba? BRCA1 tana kan dami na 17, BRCA2 tana kan na 13, kuma waɗannan damman namiji da mace duk suna da su daidai wa daida. Uba yana gadar wa 'yarsa da ɗansa kamar yadda uwa take gadarwa. Saurayin nan da iyayensa suka tafi binciken gidan amarya, wa ya binciki gwaggwanninsa? Mai yiwuwa shi ne mai ɗauke da abin, ya kai shi gidan da ba su taɓa sanin daji ba, in 'yarsa ta kamu bayan shekara arba'in a ce ai daga dangin uwa ne. Shi kansa namijin bai tsira ba: lalataccen BRCA2 yana ɗaga haɗarin dajin furostet, gaɓar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, har ma da dajin nono a jikin maza. Dokar da za ta tsaya a kan mata kaɗai a cikin abin da maza ke raba rabinsa, an bar jaki ana dukan taiki.

Ka kawo alƙaluma masu ban tsoro, kuma ba ƙarya ka yi ba. Babban binciken da aka buga a 2017 ya nuna cewa zuwa shekara 80, kimanin kashi 72 cikin 100 na mata masu lalataccen BRCA1 sukan kamu da dajin nono, kashi 44 kuma da na gidan ƙwai. Masu lalataccen BRCA2, kashi 69 da kashi 17. Wannan ba wasa ba ne. Amma ka tsallake ɗaya gefen lissafin, kuma amsarsa daga maƙwabtanmu ta fito, ba daga Turai ba. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ta yi karatun likita a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Chicago, tare da Mary-Claire King, wadda ita ce ta fara nuna wurin da BRCA1 take a 1990, sun auna mata 1,136 masu dajin nono a Ibadan, aka buga sakamakon a 2018. Kashi 7 cikin 100 suna da lalataccen BRCA1, kashi 4 da ɗoriya suna da BRCA2. In aka haɗa da sauran ƙwayoyin gado masu irin wannan aiki, jimilla ta kusa kashi 15. Adadin ya fi na ƙasashe da yawa, shi ya sa ya kamata mu a Afirka ta Yamma mu ɗauki maganar gado da muhimmanci. Amma ka juya shi ka gani: cikin kowace mata 100 masu ciwon, kimanin 85 ba a sami wannan gadon a jikinsu ba. Saboda haka in ka ga yarinyar da uwarta ta yi dajin nono, mafi rinjayen zato shi ne uwar ma ba gada ta yi ba. In kuwa an yi dace da cewa gada ta yi, to rabin 'ya'yanta ba su ɗauko ba. Ka lissafa 'yan mata nawa shawararka ta biyu za ta mayar wa da kayan gaisuwa ba gaira ba dalili. Sannan gidan da kuka guda kuka koma, shi ma ba a ba ku tabbacin komai ba, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu dajin nono ba su da wani dalili da aka sani face kasancewarsu mata da kuma shekaru.

Gwajin kansa ma ba irin na sikila ba ne. Sikila harafi ɗaya ne ya sauya, a wuri ɗaya sananne, ɗigon jini ya isa a ɗakin awo na gari. BRCA1 tana da haruffa sama da 5,000 da za a karanta, BRCA2 sama da 10,000, kuma lalacewar na iya faɗawa ko'ina, iri dubbai. Sau da yawa sakamako yakan dawo da cewa an ga wani sauyi amma ba a tabbatar ko mai cutarwa ba ne, kuma irin wannan amsar ta fi fitowa ga baƙar fata, saboda yawancin jinin da aka gina ma'aunin da shi na Turawa ne. Ka ɗauka an miƙa wa liman wannan takarda da Faransanci ranar ɗaurin aure, ga goro an raba, ga waliyyai a zaune. Ya ɗaura ko ya fasa?

Ka jingina maganarka da fiƙihu, ka ce ɓoye aibi a aure ha'inci ne. Haka ne. Amma aibubban da littafin fiƙihu na Risala ya lissafa waɗanda ake iya mayar da mace dominsu, hauka da kuturta da albaras da ciwon farji, duk cututtuka ne da suke jikin mutum a lokacin. Ba a lissafa tsoron abin da zai iya zuwa bayan shekara ashirin ba. Wannan fage na malamai ne, na bar musu, sai dai ina roƙon duk wanda za a kai wa tambayar a fara yi masa bayanin yadda gadon yake tafiya.

Bari in gaya maka abin da idona ya gani, don shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu mai sayar da koko da ƙosai. Ta ji ƙululu a nononta na hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ba ya ciwo. Aka ce mata nono ne ya kwanta, ta shafa abin da aka ba ta. Da ya girma, ita da kanta ta gane ba na lafiya ba ne, amma a lokacin an kawo kuɗin gaisuwar babbar 'yarta, kuma ta san bakin mutane. Sai ta ja bakinta ta yi gum. Tana zaune gaban kasko cikin zafin bazara da zumbulelen hijabi mai kauri, hannun hagu a manne da jiki, da dama kaɗai take juya ƙosai. Ɗakinta kullum turaren wuta, muna cewa Hajiya akwai son ƙamshi, ashe gyambo take rufewa. Sai da aka kai amarya ɗakinta aka watse sannan ta kira ƙanwarta ta buɗe mata. Lokacin da aka kai ta asibiti abin ya riga ya kama hammata. Ɗan naman da aka yanko aka sa a kwalba, ɗanta ya kai tasha aka ba direban motar Lome, aka zauna jiran sakamako. Ba ta ga jikanta na fari ba. Allah ya jiƙanta. Wannan fa tun babu wata doka ke nan, tsegumi kawai ta ji wa tsoro. Ranar da liman ya hau mumbari ya ce a guji gidan da aka yi daji, uwaye nawa kake jin za su zaɓi abin da ta zaɓa?

Abin da ke kashe matanmu ke nan: jinkiri da nisa. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 na masu dajin nono suna raye bayan shekara biyar. Wani bincike da ya bi mata a ƙasashe biyar na Afirka, aka buga a 2020, ya tarar a Najeriya kashi 36 ne kawai suka kai shekara uku. Wannan rata ba ƙwayar gado ce ta haƙa ta ba. Daga Sokode zuwa Lome kusan kilomita 340 ne, daga Dapaong ya haura 600. Akwai asibitin yanki a Sokode, akwai a Dapaong, akwai asibitin koyarwa a Kara, wasu kuma sukan tsallaka Tangiyeta a Benin. Amma wadda ciwonta ya kai ga gashi da na'ura sai ta gangara kudu, ko ta nufi Kumasi ko Akara, da kuɗin mota, da na masauki, da na mai jinya, ga yara an bari a gida. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 a kan dajin nono bai ce a gwada kowa kafin aure ba. Abu uku ya sa a gaba: a gano aƙalla kashi 60 na masu ciwon tun yana matakin farko ko na biyu, a kammala awo a tabbatar cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, sannan kashi 80 su gama maganinsu ba tare da yankewa ba. In kana neman abin da za ka matsa wa hukuma da 'yan majalisarmu na arewa a kai, ga shi nan.

Ban ce a watsar da tarihin dangi ba. Cewa nake a mayar da shi inda zai yi amfani, wato gaban likita. Tun 1866 likitan Faransa Paul Broca ya rubuta yadda dajin nono ya bi dangin matarsa zuriya bayan zuriya, kuma har yau wannan tambayar, wa da wa suka yi a gidanku, ita ce awo mafi araha da muke da shi. Gidan da mata biyu ko uku suka kamu, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ko wata ta kamu tun ba ta kai 45 ba, ko ya kama ta nono biyu, ko aka yi dajin gidan ƙwai, ko namiji ya yi na nono, 'ya'yan wannan gida su ne ya kamata a fara dubawa tun suna da ƙuruciya, su ne kuma gwajin BRCA zai yi wa rana in an samu hali, da yardarsu, sakamakon kuma sirrinsu ne. Wadda aka tabbatar tana ɗauke da shi tana da abin yi: awo a kai a kai tun daga shekara 25 zuwa 30, cire gidan ƙwai da bututunsa bayan ta gama haihuwa, kuma ko ciwon ya zo, tun 2014 akwai magani irin su olaparib da aka ƙera musamman don ya ci gajiyar wannan raunin gyara da ke cikin ƙarin. Duk wannan ba zai samu ba sai mata sun iya buɗe baki sun faɗi abin da ya kashe iyayensu ba tare da tsoron za a fasa auren 'ya'yansu ba. A Amurka sai da suka yi doka a 2008 ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna wa mutum bambanci saboda gwajin gadonsa, don sun ga mutane na gudun gwajin. Mu da ba mu da irin wannan kariya, kai kuma kana neman a kai sakamakon har gaban taron ɗaurin aure.

Limamanmu na Sokode da Mango da Dapaong, in za ku yi maganar nan a huɗuba, ku gaya wa maza cewa duk matar da ta ji ƙululu a nono ko a hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar wurin ta sauya, a kai ta asibiti a makon nan, ko yana ciwo ko ba ya yi, kuma mijin ne zai fitar da kuɗin mota. Kai kuma Malam, mutane suna jin maganarka, na san iyayen da suka riga suka fara tambaye-tambaye a kan gidajen mutane tun fitowar makalarka. Ina roƙonka ka janye shawarar gudun dangi, ka kuma janye ta a rubuce, a inda ka buga ta farko.